Takardar da Tonia Ta Ƙi Sa wa Hannu: Tarihin Wani Fim na Kurkuku daga Poland

A ranar 13 ga Disamba, 1989, aka fara nuna wani fim mai suna Przesłuchanie a birnin Warsaw, fadar gwamnatin ƙasar Poland. Kalmar a harshensu tana nufin zaman da jami'an tsaro kan yi da wanda suka kama domin su tatsi magana daga bakinsa, wato abin da Bahaushe ke kira titsiye. Fim ɗin ba sabo ba ne a wannan rana, domin an kammala shi tun 1982, hukuma ta hana a nuna shi, ya yi shekara bakwai da watanni a kulle. Ranar da aka sake shi kuwa ta zo daidai da cikar shekara takwas da kafa dokar soja a ƙasar. Bayan wata biyar, a Mayun 1990, jarumar fim ɗin, Krystyna Janda, ta karɓi kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin fina-finai na Cannes a Faransa.

Mai karatu a Jahun ko Dutse yana da damar tambayar abin da ya haɗa shi da fim ɗin wata ƙasa mai sanyi, a harshen da ba ya ji. Amsar tana cikin tarihin yankinsa. A shekarun da labarin fim ɗin ya gudana, wato farkon shekarun 1950, Jahun da Dutse da Birnin Kudu duk gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano, kuma a lokacin ne aka fara ɗaure talakawa saboda katin jam'iyya. Mutanen Poland sun mayar da abin da ya same su fim ɗin da duniya ta kalla. Na arewacin Nijeriya yana nan a waƙoƙi da littattafan masana da bakin tsofaffin da suke ƙarewa.

Ma'aikatar da ke neman sa hannu

Yaƙin Duniya na Biyu ya ci rayukan 'yan Poland kimanin miliyan 6, kusan rabinsu Yahudawa. Da sojojin Tarayyar Sobiyet suka fatattaki Jamusawa daga ƙasar tsakanin 1944 da 1945, sai suka ɗora gwamnatin gurguzu mai karɓar umarni daga Mosko. Matsalar wannan gwamnati ita ce mafi yawan waɗanda suka yaƙi Jamusawa a ɓoye ba mutanenta ba ne. 'Yan Rundunar Gida ne, masu biyayya ga gwamnatin gudun hijira da ke Landan, kuma su ne suka yi boren Warsaw na kwana 63 a 1944. Jarumtarsu ta jiya ta zama abin zargi a idon sababbin masu mulki.

Aikin murƙushe su ya faɗa hannun Ma'aikatar Tsaron Jama'a, wadda Stanisław Radkiewicz ya jagoranta daga 1944 zuwa 1954, jama'a kuma suna kiran jami'anta da haruffa biyu, UB. Gidan yarin Mokotów da ke titin Rakowiecka a Warsaw shi ne mafi ƙaurin suna a cikin wuraren da take tsare mutane. A can aka harbe Witold Pilecki a ranar 25 ga Mayu, 1948, mutumin da ya miƙa kansa aka kai shi sansanin Auschwitz a 1940 domin ya tattaro labarin abin da ake yi a ciki, ya kuma tsere a 1943. A can ne kuma aka rataye Janar Emil Fieldorf, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Rundunar Gida, a ranar 24 ga Fabrairu, 1953.

Daga 1948 wuƙar ta juyo kan 'yan gurguzun kansu. Stalin ya ɓata da Tito na Yugoslabiya, sai aka shiga farautar maciya amana a cikin jam'iyyun gurguzu na Gabashin Turai. A Hungary aka kashe László Rajk a 1949, a Cekoslobakiya aka gurfanar da Rudolf Slánský da wasu mutum 13 a 1952, aka rataye 11 daga cikinsu. A Poland aka yi shari'ar wasu janarori da manyan hafsoshi a tsakiyar 1951, aka kuma kama tsohon shugaban jam'iyya Władysław Gomułka a watan Agustan shekarar.

Irin wannan shari'a tana da tsarinta. Hukunci an riga an yanke shi kafin a shiga kotu, abin da ake buƙata kawai shi ne takardun da za su sa ya yi kama da gaskiya. Domin a ɗaure babban hafsa, sai an sami wanda zai ce ya ga yana ganawa da ɗan leƙen asiri. Saboda haka ake kamo direbansa, ko maƙwabcinsa, ko matar da ya taɓa nema, a tsare su har sai sun sa hannu a kan bayanin da jami'i ya rubuta. Kowace takarda takan fito da sababbin sunaye, kowane suna kuma ya jawo sabon kamu. Jami'in da ya kasa samo sa hannu shi ma yana cikin haɗari, domin za a ce yana tausaya wa maƙiya. Wannan shi ne injin da fim ɗin ya buɗe wa mai kallo cikinsa.

Mawaƙiyar da ba ruwanta da siyasa

Labarin ya fara a 1951. Antonina Dziwisz, wadda kowa ke kira Tonia, mawaƙiya ce a wata ƙungiyar nishaɗi mai yawo gari-gari. Wani dare ta sami saɓani da mijinta, wasu maza biyu suka nuna kamar masoya waƙarta ne, suka ɗirka mata giya, ta farka a kurkuku. Da farko ta ɗauka kuskure aka yi, za a gane a sallame ta. Da aka fara yi mata tambayoyi sai ta saki baki, tana ba da labarin rayuwarta da mazan da ta sani, domin a ganinta ba ta da abin ɓoyewa. Sannu a hankali ta fahimci cewa ba ita ake nema ba. Wani hafsan soja ne da ta taɓa hulɗa da shi, mai suna Olcha, ake son ta shaida cewa maci amanar ƙasa ne.

Masu titsiyen biyu ne. Manjo Zawada, wanda Janusz Gajos ya fito a matsayinsa, ana yi masa laƙabi da mai gidan wanka saboda ruwa ne makamin azabarsa: a tuɓe fursuna a feshe ta da ruwan sanyi, ko a kulle ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ruwa yana hauhawa. Laftanar Morawski, wanda Adam Ferency ya taka, matashi ne da ya tsira daga Auschwitz, ya kuma yi imani cewa aikinsa zai hana irin wannan bala'i sake faruwa. A ɗakin mata kuwa akwai wata 'yar gurguzu ta gidi, Witkowska, wadda ko a ɗaure tana ganin jam'iyya ba ta kuskure, kuma idan an kama ta to lalle akwai dalili. Darakta Agnieszka Holland ce ta fito a wannan matsayi. Abin da Tonia ta faɗa a ɗaki cikin amana ma sai ta tarar da shi a teburin masu tambaya.

Duka da yunwa da barazanar kisa ba su karya ta ba. Abin da ya kusan gamawa da ita shi ne ziyarar mijinta, wanda aka kwashe asirinta aka gaya masa, ya zo ya shaida mata cewa aurensu ya ƙare. A nan ta yi yunƙurin kashe kanta ta hanyar cizon jijiyoyin hannunta. Daga baya wata alaƙa ta shiga tsakaninta da Morawski, ta haifi 'ya mace a kurkuku, aka raba ta da jaririyar aka kai gidan marayu. Stalin ya mutu a watan Maris na 1953, iska ta fara sauyawa, Morawski ya harbe kansa, Tonia kuma ta fito bayan shekaru ta tafi neman yarinyar da ba ta san fuskarta ba. Takardar da ake so dai ba ta sa mata hannu ba.

Darakta Ryszard Bugajski bai ƙirƙiro wannan duniya daga kansa ba. Ya jingina labarin da abin da ya sami mata na gaske da UB ta tsare, musamman Tonia Lechtman da Wanda Podgórska, sakatariyar Gomułka. Sai dai ya yi wani zaɓi da ya ba fim ɗin ƙarfinsa. Da ya ɗauki jarumar Rundunar Gida, da hukuma ta ce ai maƙiya aka ɗaure. Da ya ɗauki 'yar jam'iyya, da an ce rikicin cikin gida ne da aka riga aka gyara tun 1956. Ya ɗauko macen da ba ta da aƙida, mai shan giya, wadda mutanen kirki na zamaninta za su yi wa kallon banza, ya nuna cewa a cikin ginin nan kaf ita ce ta ƙi yin ƙarya a kan wani.

Aikin Krystyna Janda

An haifi Janda a Disambar 1952, wato lokacin da Tonia ta labarin ke tsare, kuma tana da shekara 28 aka ɗauki fim ɗin. Ta riga ta yi suna a fim ɗin Andrzej Wajda na 1977, Mutumin Marmara, inda ta fito a matsayin ɗalibar fim mai tono tarihin wani magini da gwamnatin zamanin Stalin ta ɗaukaka sannan ta wulaƙanta. Ta sake fitowa a ci gabansa, Mutumin Ƙarfe, wanda ya ci babbar kyautar Cannes a 1981. Masu kallo a Poland sun saba ganinta a matsayin mai yin tambaya, sai ga shi an zaunar da ita a kujerar wadda ake tambaya.

Fim ne na kusan awa biyu, mafi yawansa a ɗakuna ƙanana, kuma da wuya a ga wani fage da ba ta ciki. Mai ɗaukar hoto Jacek Petrycki yakan matso da kyamara dab da fuskarta, ta yadda babu inda za ta ɓuya. A farko Tonia mai surutu ce, mai kwalliya da dariya da ƙarfi, tana amfani da fara'arta kamar yadda ta saba samun abin da take so a wurin maza. Janda ba ta sauya ta dare ɗaya ta mayar da ita waliyiya ba. Ta bar mata rashin kunyarta da baƙar maganarta, sai dai waɗannan halaye da suka kasance na shashanci a waje suka koma garkuwa a ciki. Dariyar da take yi wa masu sauraron waƙa ita ce ta koma dariyar da take yi wa Manjo Zawada, kuma mai kallo yana ganin yadda wannan dariya ke rikita mutumin da ya saba da kuka da roƙo.

Abin da ya fi wuya a irin wannan wasa shi ne nuna wucewar lokaci a wurin da babu rana babu kasuwa. Janda ta nuna shi da jiki. Tafiyarta ta yi nauyi, muryarta ta dushe, idanunta suka daina neman fuskar wanda zai tausaya mata. A ƙarshe, lokacin da ta isa gidan marayu, macen da ta cika ɗaki da surutu a farkon fim da ƙyar take haɗa jimla. Wanda ba ya jin harshen Poland ko kaɗan zai iya bin labarin a fuskarta. Wasan Ferency da na Gajos sun taimaka mata, domin ba su fito da masu azabtarwa a siffar dodanni ba. Ma'aikata ne masu gajiya da tsoron na sama da su, kuma hakan ya fi tayar da hankali.

Shekara bakwai a kan kanta

Fim ɗin ɗan wani ɗan gajeren lokaci ne na sassauci. A Agustan 1980 yajin aikin ma'aikatan kera jiragen ruwa a Gdańsk ya haifi ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność a ƙarƙashin Lech Wałęsa, wadda cikin shekara guda ta tara mambobi kusan miliyan 10. Hukumar tace rubuce-rubuce da fina-finai ta yi sanyi, sai Bugajski, wanda aka haifa a 1943, ya sami izinin ɗaukar fim ɗinsa a ƙarƙashin rukunin shirya fina-finai na X, wanda Wajda ke shugabanta. A tsarin gurguzu gwamnati ce mai kuɗin fim da kayan aiki da gidajen silima, saboda haka da kuɗin gwamnati aka shirya fim ɗin da ya tona asirinta. An gama ɗauka gab da 13 ga Disamba, 1981, ranar da Janar Wojciech Jaruzelski ya kafa dokar soja, aka baza tankoki a tituna, aka tsare dubban 'yan Solidarność.

A watan Afrilun 1982 kwamitin tantance fina-finai ya zauna a kan aikin. Wasu sun kare shi, masu goyon bayan hukuma kuma suka yi masa ca, suna cewa farfaganda ce ta ƙin gurguzu. Abin da ya fi damun hukuma shi ne cewa labarin 1951 ya yi kama da halin 1982, lokacin da ake sake kawo wa tsararru takardun mubaya'a su sa hannu kafin a sake su. Aka hana nuna fim ɗin. A Poland akwai kalmar barkwanci ga irin waɗannan fina-finai, wadda ke haɗa sunan kantar ajiya da muƙamin kanar, kamar a ce kanar ɗin kan kanta. A 1983 aka tuɓe Wajda, aka rushe rukunin X. Bugajski ya rasa aiki a ƙasarsa, ya yi hijira zuwa Kanada a 1985.

Sai dai kafin ya tafi ya fitar da kwafin fim ɗin a kaset ɗin bidiyo. Daga wannan kaset aka riƙa kwafar wasu, hoto yana dusashewa a kowane kwafi, ana kallo a ɗakunan mutane da zaurukan coci, labule a sauke. Rubutaccen labarin fim ɗin da bayanin zaman kwamitin da ya haramta shi su ma sun fita ta hannun maɗaba'un ɓoye. Haramcin ya zame masa talla. A lokacin da gurguzu ya faɗi, bayan zaɓen 4 ga Yuni, 1989 da naɗin Tadeusz Mazowiecki firaminista, jama'a da yawa sun riga sun kalli fim ɗin da a hukumance babu shi. Bugajski ya koma gida daga baya, ya shirya wasan talabijin a kan Pilecki a 2006 da fim a kan Janar Fieldorf a 2009, ya rasu a 2019.

Gidan yarin En'e

A ranar 8 ga Agusta, 1950, shekara guda kafin lokacin da aka sa labarin Tonia, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. A tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna, En'e ce ke da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari, kuma ita ke ba da izinin lacca. Hakimi da dagaci su ne idonta a gundumomi irin su Jahun. Da siyasar jam'iyyu ta shigo, sai ya zamana hukumar da ke goyon bayan NPC ita ce mai kama ɗan NEPU, mai yi masa shari'a, kuma mai tsare shi. Laifuffukan da aka fi ɗaure mutane a kansu sanannu ne: lacca ba izini, zagin masu sarauta, tayar da hankalin jama'a. Ga kuma 'yan banga da aka fi sani da 'Yan Mahaukata, waɗanda suka bayyana a Kano a 1953.

Macen da ta fi kowa shan wannan gwale-gwale ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta zama shugabar matan NEPU tana da ƙuruciya. Masu rubuta tarihinta sun lissafa cewa an ɗaure ta sau 16. An yi mata duka, an aske mata kai, an hana ta zaman Kano, duk saboda tana tara mata tana gaya musu cewa suna da haƙƙin ilimi da ƙuri'a. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, shekaru da yawa bayan 'yan'uwansu na Kudu. Ta rasu a 2001, kuma a yau akwai babban asibiti a Zariya da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero masu ɗauke da sunanta.

Adalci ne a faɗi bambancin. En'e ba ta shirya shari'ar bogi ta rataye janarori ba, ɗaurinta yawanci na watanni ne, NEPU tana da jaridu da lauyoyi, kuma akwai hanyar ɗaukaka ƙara ko da ta yi wa talaka nisa. Haka kuma Gambo ta san abin da ya kai ta gidan yari, ita ta zaɓi hanyar da idonta biyu, saɓanin Tonia da aka tsinta kamar kara. Ɗan'uwan Tonia na haƙiƙa a ƙasar Hausa shi ne manomin ƙauye da ya tsaya sauraron lacca ranar kasuwa ya kwana a hannun 'yan doka, ko matar da aka tsare domin mijinta ya fito. Su ne mafi yawa, kuma sunayensu ba su hau kan asibiti ko titi ba.

Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan dokan En'e a ƙarshen shekarun 1960, amma tsarewa ba shari'a ta sake dawowa da wata riga. Dokar soja mai lamba 2 ta 1984 ta ba da ikon tsare mutum ba tare da kai shi kotu ba, kuma gwamnatocin soja da suka biyo baya sun ci gaba da amfani da ita. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu yana fursuna a Abakaliki a ranar 8 ga Disamba, 1997. A 1998 gwamnatin Janar Sani Abacha ta tsare Abubakar Rimi da Sule Lamido na Birnin Kudu, wanda daga baya ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015. Dandalin Malam Aminu Kano da ke tsakiyar Dutse shaida ne cewa yankin bai manta da wannan zuri'a ta siyasa ba.

Kantar Nijeriya

Nijeriya ma tana da nata kanar ɗin kan kanta. A 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa kwamitin binciken take haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa. Kwamitin ya saurari waɗanda aka azabtar a bainar jama'a, har da zama a Kano, ya miƙa rahotonsa a 2002, amma gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Ƙungiyoyin farar hula ne suka watsa shi a intanet a 2005, kamar yadda kaset ɗin Bugajski ya bi hannu-hannu. Poland kuwa ta kafa cibiya ta musamman mai kula da takardun tsohuwar hukumar tsaro bisa wata doka ta 1998, ta gurfanar da wasu tsofaffin jami'ai, irin su Adam Humer da aka yanke wa ɗauri a 1996, ta kuma mayar da gidan yarin Mokotów gidan tarihi.

Shekarar 1990 ta haɗa abubuwa uku da suka dace a duba su tare. A cikinta Janda ta karɓi kyautarta, a cikinta Rima Shawulu ya wallafa littafinsa na tarihin Gambo Sawaba, kuma a cikinta ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne farkon fim ɗin bidiyo na Hausa. Masana'antar da ta tsiro daga nan ta samar da dubban fina-finai, mafi yawansu a kan soyayya da zaman aure, kuma tana da 'yan wasa mata masu iya ɗaukar nauyin labari a fuska. Dalilan da suka sa tarihin gidan yarin En'e bai zama abincinta ba a bayyane suke. Fim ɗin tarihi yana cin kuɗin sutura da gine-gine, jikokin masu ɗauri da na ɗaurarru suna zaune a unguwa ɗaya, kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, wadda rikicinta da 'yan fim ya kai ga ɗaure furodusa Hamisu Lamido Iyan-Tama a ƙarshen 2008. Amma maganar kuɗi tana da rauni, domin Przesłuchanie bai buƙaci fiye da ɗakuna kaɗan da teburi da fitila da 'yar wasa ƙwararriya ba.

Batun kuma bai tsaya ga tarihi ba. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa, sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun. Dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar tursasawa. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta yi tanadin a ɗauki bayanin wanda ake zargi a bidiyo ko a gaban lauyansa, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya aikata. A 2019 aka sauya wa gidajen yari suna suka koma gidajen gyaran hali. Duk da haka, kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke cikinsu masu jiran shari'a ne, kuma duk lauyan da ya yi aiki a kotun laifuffuka ya san yawan ƙararrakin da ba su da wata hujja sai takardar da aka ce wanda ake zargi ya dangwala wa yatsa, a Turancin da sau da yawa ba ya karantawa.

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali. Jihohi irin su Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a ranar 27 ga Agusta, 1991, za su iya sake riƙe makullin da aka karɓe daga hannun En'e sama da shekara hamsin da suka wuce. Ko wannan zai rage cunkoso ko kuwa zai dawo da ɗaurin siyasa na gida, ya dogara ne a kan yadda masu riƙe makullin da masu sa musu ido suka san abin da ya faru a karon farko. Waɗanda suka ga gidan yarin En'e da idonsu sun tsufa yanzu. Bugajski ya tarar da Wanda Podgórska da ranta, ya zauna da ita ya saurara kafin ya kunna kyamara, kuma marubucin Hausa da zai yi irin wannan aiki a Jahun ko Ringim ko Zariya sauran lokacinsa kaɗan ne.